Taku Tara Daga Bakin Rijiya

Kwana huɗu da dawowar Auta daga jami'a, da hantsi, ta zagaya filin baya da bokitin wanki za ta yi shanya, sai ta tarar da Baba ya karkata bahonsa yana tsiyaye ruwan ciki a rami. Wannan ba sabon abu ba ne, shekara uku ke nan yana yi. Launin ruwan ne ya tsayar da ita.

Ruwan da ta sani ja ne mai kauri, da kumfa a sama kamar an dama laka. Wannan kuwa garau yake, ruwan ɗorawa, har rana tana wasa a cikinsa. Ta taɓa ganin irin launin nan a ɗakin gwaji na makarantarsu, cikin wata kwalba mai hoton ƙoƙon kai wadda malaminsu ke kullewa a kabad, ba a taɓa ta sai da safar hannu.

"Farfesa," in ji Baba, bai ko ɗago ba, "zo ki ga aikin ɗalibinki. Kin taɓa ganin ruwan jiƙo mai tsabta haka? Kamar a zuba sukari a sha."

Ta matsa ta leƙa bahon. Babu guntayen rodin da ta sani a ciki. A madadinsu wata farar tukunya ce mai huji-huji, tana ƙyalli kamar sabon cokali. Ta dubi ramin, ƙasa tana shanye ruwan a hankali. Daga nan idonta ya bi ƙasa, ya wuce igiyar shanya, ya wuce tulin tsofaffin tayoyi, ya tsaya a kan rijiya. Guga na rataye a bakinta a jiƙe, wani bai daɗe da ɗiba ba.

Ta juyo wajensa.

"Baba, tun yaushe yake fita haka?"

"Tun da na sa tukunyar nan. Wata bakwai ke nan. Ai ke kika ba ni izini, ko kin manta?"

Ta ce to. Ta shanya kayan, har da waɗanda ba ta matse ba, ta koma ɗaki.

Wanda bai san Baba ba, ƙaramin tsoho kawai zai gani mai kafaɗa ɗaya a karkace. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kanikanci a wani gareji da ke bakin babban titi, ƙarƙashin rumfar kwano. Ba shi ya fi kowa sauri ba. Direba mai gaggawa ba ya son faɗawa hannunsa, domin kafin ya kwance noti ɗaya sai ya goge shi, ya duba shi, ya tambaye ka wa ya ɗaura shi da me ya yi maka har ka bar shi haka. Amma motar da ta fita daga wurinsa ba ta dawowa da ciwon da ta zo da shi. Babbar abokiyar gabarsa a duniya ita ce tsatsa. Yakan ce ɓarawo ya fi ta mutunci, don shi ɗauka yake ya tafi, ita kuwa tana zaune a gidanka tana ci, kana gaishe ta.

Rijiyar ya haƙa ta ne shekarar da aka haifi Auta, lokacin da famfon unguwa ya koma kawo ruwa sau ɗaya a mako, shi ma in ya ga dama. Ya ɗauko mahaƙa biyu, amma bai iya tsayawa kallo ba, sai da ya shiga da kansa. Da aka cim ma ruwa, ya yi mata murfi da bonet ɗin wata tsohuwar mota, sannan ya fasa katangar gefe ya sa 'yar ƙofa, don maƙwabta su shigo su ɗiba ba sai sun yi sallama ba. Gida goma sha ɗaya ke sha. Inna ta yi mita ta gaji, ta ce an mayar mata da gida kasuwa, kullum cikin caɓi. Ya ce mata ruwa ba na wanda ya haƙa ba ne, na mai ƙishi ne. Ta ce to mai ƙishin ya riƙa zuwa da tsintsiya.

Ranar da kanikancinsa ya ƙare, jak ne ya zame, mota ta sauko masa a kafaɗar dama. An ɗora ƙashi ya kama, amma hannun bai ƙara wuce ƙirjinsa ba. Ya dawo gida ya zauna. Tsofaffin abokan aikinsa, don kada zama ya kashe shi, sai suka riƙa aiko masa da ƙarafan da suka yi tsatsa ya goge musu. Diram ɗin birki guda ɗaya yakan ci masa kwana uku da samfefa da hannun hagu, yana yi yana tarin jar ƙura. Mutumin da ya saba sauke injin shi kaɗai ya koma ba ya iya ɗaga buta sai ya ciji leɓe. Magana ta ragu a bakinsa. Inna ta ce wa 'ya'yanta a waya su yi wa ubansu addu'a, shi ma ya fara tsatsa.

A hutun shekararta ta biyu, Auta, wadda ke karatun kimiyyar sinadarai, ta same shi da yatsu duk sun sale. Ta ɗauko bahon roba na wanki, ta cika shi da ruwa, ta zuba sodar wanki ta motsa. Ta jera guntayen rodi a gefe-gefen bahon, ta rataya wani tsohon diram ɗin birki a tsakiya da waya, yadda ba zai taɓa rodin ba. Sannan ta jawo tsohuwar cajar batirinsa, ta maƙala baƙar waya a jikin diram, ja a jikin rodi, ta kunna. Ba a jima ba ƙananan kumfa suka fara tasowa.

"Shi ke nan?" in ji Baba.

"Shi ke nan. Wuta za ta ɓamɓare tsatsar daga jikin wannan, ta ci rodin a madadinsa."

"Wato rodi ne fansa."

Kashegari ya tsamo diram ɗin, ya sa babban yatsa ya murza, tsatsar ta zame kamar dauɗa, ƙarfe ya fito baƙi sumul. Ya daɗe yana juya shi. Ya ce shekara talatin yana faɗa da ita da ƙarfin tuwo, ashe ruwa da wuta ne maganinta, kuma a cikin gidansa mai maganin take. Tun daga ranar ya raɗa mata Farfesa. Ya tambaye ta inda zai riƙa zubar da ruwan in ya gaji. Ta ce babu komai a ciki sai soda da tsatsa, ya haƙa rami ya zuba. Gaskiya ta faɗa masa, a lokacin.

Sana'a ta dawo wa Baba ta ƙofar baya. Unguwa ta sa masa suna Mai Jiƙo. Masu gyaran tsofaffin motoci, waɗanda an daina ƙera kayansu, suka fara zuwa da buhuna: maƙalan birki, murfin injin, ƙugiyoyi, sifanu da aka gada. Duk ƙarfen da ya shiga baho majinyaci yake kiransa. Yana da ƙa'ida da yake maimaitawa kamar karatu, baƙa ga majinyaci, ja ga fansa, domin ya taɓa juya su sau ɗaya wuta ta cinye masa rabin wata ƙugiya. Ba ya kunna caja a cikin ɗaki, ba ya barin mai sigari ya matso, saboda ta gaya masa iskar da kumfar ke fitarwa tana kama wuta. Duk abin da ta faɗa sau ɗaya, ya riƙe shi kamar wasiyya.

Abin da ya fi so a aikin shi ne ranar tsamowa. Yakan ce tsatsa sutura ce, in an tuɓe ta ake sanin wane ne ƙarfe. Wani mai sayar da kayan gyara ya taɓa kawo masa wani hannun sitiyari, da ya fito daga ruwa sai ga tsaga siririya kamar gashi. Mutumin ya ce ba komai, a shafa fenti. Baba ya ɗora shi a kan dutse ya sa guduma da hagu, bugu uku ya raba shi biyu a gabansa. Aka yi ta cacar baki har mutane suka taru.

"Tsatsa ta rufa maka asiri," ya ce masa, "ni ban iya ba. Motar da za a sa wa wannan, 'ya'yan mutane za ta ɗauka."

Tela, amininsa na shekaru wanda shagonsa ke fuskantar 'yar ƙofar rijiya, shi ba ya ce masa Mai Jiƙo, Boka yake ce masa. Kowace safiya sai ya leƙo.

"Boka, yau wa aka kwantar?"

"Kai ne na gaba. Da keken ɗinkinka da gwiwoyinka duk ƙara suke, zan haɗa ku baho ɗaya."

"Ka fara jiƙa wannan kafaɗar tukuna, mu ga kamun ludayinka."

Matsala ɗaya ce ta dame shi. Rodi yana cinyewa, kuma kowace safiya sai an kankare masa dattin da ya taru, in ba haka ba aiki ya tsaya. Kankarar nan kuwa kafaɗa take nema. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ƙin tsatsa, dole ransa ya tafi ga ƙarfen da ba ya yin ta. Wata rana a wurin 'yan gwangwan ya hango tukunyar cikin wani mataccen injin wanki, farin ƙarfe irin na cokali, zagayayya, ga huji ko'ina, daidai faɗin bahonsa kamar an auna. Ya ɗauko ta a ka har gida. Amma bai sa ta ba. Sai da ya kira Farfesa.

Kiran ya same ta a ƙofar ɗakin jarrabawa, ana duba katin shiga, tana lalube a jaka nata ya ɓuya.

"Farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, zai yi fansa?"

"Ƙarfe ai ƙarfe ne, Baba. Sa kawai. Zan kira ka in na fito."

Ba ta kira ba. Ta fito tana lissafin tambayoyin da ta kasa, maganar ta bi iska. Hutun da ya biyo baya ma ba ta zo gida ba, aikin bincikenta na ƙarshe ya riƙe ta.

Yanzu da ta bar shanya ta shiga ɗaki, sai ta jawo akwatin littattafanta ta zazzage. Ta sami littafin shekara ta biyu, ta buɗe shafin da ta zana bahon da wayoyinsa. A ƙasan zanen, da jan biro, da hannunta, har ta ja layi biyu: kada a taɓa yin amfani da farin ƙarfe marar tsatsa. Abin da ke hana shi tsatsa, in wuta ta ci shi, narkewa yake a ruwa ya zama guba mai launin rawaya. Yana cin fata, yana taɓa ƙoda, in an daɗe ana sha kuma abin da yake haifarwa ba a son faɗa. Da a ce ba ta sani ba ne, da da sauƙi. Ta sani, ta rubuta, ta ci maki a kansa.

Abin da ya kamata ta yi a bayyane yake, kuma taku ashirin ne tsakaninta da Baba. Ba ta yi ba. Ta ce wa kanta sai ta tabbatar. Ta duƙufa a kan waya tana karatu har idonta ya yi ja. Wani shafin ya ce abin da ke fita kaɗan ne, wani ya ce kaɗan ɗin ma ya isa. Wani ya ce ƙasa mai yumɓu tana riƙewa, ita kuwa ba ta san irin ƙasar gidansu ba, gidan da aka haife ta. Da rana ta fita ta sayo ruwan gora guda shida, ta shigo da su cikin jaka, ta tura ƙarƙashin gado.

Kwana biyu ta yi haka. Tana zaune a bakin taga tana jin ƙarar bonet ana ɗagawa ana mayarwa, tana jin guga yana faɗawa ruwa. Ta ga Inna ta cika randa. Ta lura da yatsun Baba, wasu ƙananan gyambuna zagayayyu da ba sa warkewa, ya naɗe su da baƙin tef ɗin wayar wuta, ya ce kaifin ƙarfe ne. A rana ta biyu surukar Tela ta shigo da jaririnta a baya, ta cika bokiti, ta kasa ɗagawa.

"Auta, 'yar makaranta, zo ki ɗora mini mana, ko digirin ya hana?"

Ta fito, ta kama gefe ɗaya, ta ɗora mata a ka. Har ta ce mata a gai da gida. Bayan nan ta koma ɗaki ta zauna a ƙasa, ba ta gaya wa kowa ba. Abin da take tsoro shi ne fuskar Baba. Bahon nan ne ya tashe shi daga zama, ita ta ba shi, kuma da bakinta za ta ce masa ta ba shi da guba a ciki.

A rana ta uku, suna zaune za a ci abincin rana, Inna ta fito da gorunan nan a cikin kwando, huɗu babu komai, biyu cike, ta dire su a tsakiyar tabarma.

"Malam, ga abin da na sharo. Mun aika 'ya karatu, an dawo mana da baƙuwa. Ruwan da ya raine ki tun kina tsumma, yau shi ne ba ya shiga maƙogwaronki?"

"Ƙyale ta," in ji Baba yana dariya. "Cikin Farfesa ai ba irin namu ba ne. Mu da muka saba, bari mu sha abinmu."

Ya ɗebo daga randa a kofi, ya kai baki. Ba ta san lokacin da ta cafke wuyan hannunsa ba. Ruwan ya zube masa a riga.

Ta faɗa musu, a hargitse, tana haɗa farko da ƙarshe, sai da ta maimaita. Inna ta dafe ƙirji tana salati. Baba ya saurara har ta gama. Sannan ya fara tambaya, ɗaya bayan ɗaya, da muryar da yake yi wa direbobi.

"In an tafasa?"

"Ba ya fita."

"In an tace da ƙyalle?"

"A'a, Baba."

"Kin tabbata ya kai rijiyar?"

"Ban tabbata ba. Sai an kai ruwan an gwada."

Ya tashi ya zagaya baya, suka bi shi. Ya tsaya a bakin ramin, ya taka zuwa rijiya yana ƙirgawa a fili. Tara. Ya juyo ya sake takawa, ko za ta ƙaru. Tara ɗin ce.

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekaranjiya."

Ya waiwaya ya dubi inda kwandon gorunan yake. Da ya zage ta, da ya fi mata sauƙi.

"Amsar da kika ba ni a guje, ban riƙe ki da ita ba," ya ce can. "Ni ma na taɓa ɗaura noti idona yana wani wuri. Kuma ni na ga ruwa ya sauya launi na yi murna, alhali na san ruwa ba ya tsami banza. Wannan namu ne mu biyu. Amma kwana biyun nan naki ne ke kaɗai. Ban san yadda zan taya ki ɗaukarsu ba."

Ya zare cajar daga wuta. Ya ɗauko sarƙar da yake ɗaure tayoyi, ya zagaya bonet ɗin da ita ya sa kwaɗo. Ya sauya riga. Inna ta ce ya bari a gwada tukuna mana, kada ya tara wa kansa jama'a a kan abin da ba a tabbatar ba. Ya ce randunan mutane cike suke yanzu haka, ba za su jira gwaji ba.

Gida-gida ya bi, Auta tana bayansa. A kowace ƙofa magana ɗaya yake yi: ya zubar da ruwan aikinsa kusa da rijiya, ana zargin akwai guba a ciki, a zubar da duk abin da aka ɗiba, kada a sha, kada a dafa. Bai ambaci sunanta ba ko sau ɗaya. Wasu suka ce Allah ya kiyaye. Wata tsohuwa ta ce ita shekara ashirin tana sha, in guba ce ta makara. Wani ya tambaya a gatsine yanzu kuma a ina ake so su samo ruwa, kamar wanda aka ƙwace wa gado.

Shagon Tela ne na ƙarshe. Yana ganinsu ya washe baki.

"Boka da Farfesa a jere? Yau wa ya mutu?"

Baba ya faɗa masa. Ƙafar Tela ta tsaya a kan keken.

"Jikana watansa biyar," ya ce a hankali. "Uwarsa ba ta da isasshen nono, kai ma ka sani. Da ruwan nan ake dama masa madara."

"Na sani. Ni na zuba."

Auta ta ji in ta sake yin shiru a nan, ba za ta ƙara iya magana ba har abada.

"Kawu, ba haka ba ne. Sai da ya tambaye ni kafin ya sa ƙarfen, na ce ya sa. Kuma jiya da surukarka ta zo ɗiba, na riga na sani. Ni na ɗora mata bokitin."

Tela ya cire tabarau ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba, shi da ya ɗinka mata kayan makarantarta na farko.

"Ana cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne," ya ce. "To naki ai ba ƙarami ba ne, 'yata. Har da takarda."

Ya ja ƙyalle ya rufe keken, ya shiga gida yana kiran surukarsa.

Kashegari ta cika kwalabe uku, ɗaya daga rijiya, ɗaya daga ramin, ɗaya daga abin da ya rage a baho, ta kai ofishin da ake gwada ruwa. Matar da ke karɓa ta liƙa musu takarda, ta ɗaga ta ukun ta duba a haske, ta dubi Auta. Ta ce a dawo bayan kwana goma. A asibiti an wanke wa Baba yatsunsa an ba shi man shafawa, an duba jaririn an ce ba a ga wani abu ba a yanzu, amma likitan ya ce sai ya ga abin da ke cikin ruwan kafin ya san wa zai ɗiba wa jini da me zai nema.

Sauran ruwan bahon suka ɗure a jarkoki suka rufe. Ƙasar ramin kuwa ita ta haƙe ta da safar hannu, ta zuba a durom biyu, Baba yana tsaye yana nuna mata inda launi ya tsaya. Ba su san ko hakan ya yi amfani ba. Masu kawo ƙarafa suna zuwa yana mayar da su, ya ce asibiti a rufe yake. Ta ce masa in ya koma rodi babu wata illa. Ya ce ya ji, amma ba zai kunna komai ba sai ya san abin da ya yi wa mutane.

Ya aro amalanke da jarkoki goma. Ya ce wanda ya rufe rijiya shi zai kawo ruwa. Akwai famfon burtsatse can bayan tsohon garejinsu, tafiyar rabin awa da hawa a dawowa. Da hannu ɗaya ba ya turuwa, don haka ita ke turawa, shi yana riƙe da gefe yana gyara hanya. Sau huɗu a yini. Tafukanta suka yi bororo suka fashe. Suna tafe ba sa magana sai ta hanya: rami, dama, tsaya. Da ta ce masa ya zauna a gida ita za ta iya, sai ya ce, "Auta, tura kawai." Tun ranar tabarma, da sunan da kowa ke kiranta yake kiranta.

A rana ta shida, suna tsakiyar hawan nan na kusa da gida, amalanken yana neman komawa da su, sai ga Tela ya fito daga shago. Bai dube ta ba. Ya ture Baba gefe da kafaɗa ya kama ƙarfen.

"Matsa, Boka. Shekara talatin a cikin motoci, ko amalanke ba ka iya tuƙawa ba."

Ya tura tare da ita har ƙofar gidansa, ya sauke jarka biyu, ya shige. Surukarsa har yanzu in sun haɗu a hanya sai ta gyara goyo ta kau da kai. Auta ba ta ga laifinta ba.

Ranar da kwana goman suka cika ta je ofishin tun kafin a buɗe. Matar ta ce na'urarsu ba ta auna irin wannan gubar yadda za a dogara da shi, don haka an tura kwalaben babban ɗakin gwaji a wani gari, za a kira ta in sun dawo. Ta rubuta lambarta sau biyu a takarda, don kada a ce ba a gane rubutun ba. Tana dawowa ta tarar da Baba a bakin ƙofa, da Inna a bayansa, da mutum uku daga maƙwabta sun yi kamar wucewa suke. Ta girgiza kai. Baba ya ce to, ya juya ya fara ɗora jarkoki.

Yau kwana goma sha huɗu da kai ruwan. Ta kira ofishin da safe, an ce ba a dawo da shi ba tukuna. Gida goma sha ɗaya suna jira, kuma har yanzu babu wanda ya san ko gubar ta kai rijiyar.